Makulli a Shayin Manaja

Maigidana direban kamfani ne tun kafin ya yi furfura. Bai taɓa ko ƙwarzane mota ba, amma sabuwar manaja ta ce duk direban da ya faɗi jarrabawar Turanci ta baka, ya ajiye makulli.

Manyan kalmomi ba sa ba shi wuya. Ƙananan nan ne ke kayar da shi, masu nuna ciki da sama da ƙarƙashi. Sai na riƙa koya masa da kofi da makullin mota, ya jefa makullin ciki ya faɗi kalmar, ya ɗora a kai ya faɗi kalmar. Har ta kai in ba kofi a hannunsa, bakinsa ba ya buɗewa. Na yi faɗa kan ya rabu da kofin har na gaji.

Ranar jarrabawa na raka shi, na laɓe jikin taga. Manaja ta tambaye shi inda ake ajiye takardun mota. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, yatsunsa na ta lalube a kan tebur. Na ce a raina, mun shiga uku.

Kawai sai ya jawo kofinta, ya tsunduma makulli cikin shayin da take sha, ya amsa tiryan-tiryan.

Ta dubi kofin, ta dube shi. "Baba, ka ci. Amma cire min makullinka."

Da ya fito, ko kallona bai yi ba. "Malama, ke da kika ce in rabu da kofi."