Dutsen Washi a Gefen Turke

Shekarar da rijiyar ƙofar gidanmu ta ƙafe ce, damina biyu bayan ciwon bushiya ya share shanun Fulanin da ke sauka a gonakinmu. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Dabbar da ta rage mana sa ɗaya ne na huɗa. Ɗan'uwansa mun kai shi kasuwar Gezawa, ya koma hatsi, hatsin ya ƙare.

Muna da dutsen washi da kakanmu ya kafa a ƙasa gefen turke, tsakiyarsa ta lotsa kamar akushi. Baba ne ya koya mini aiki da shi: a yayyafa ruwa, a kwantar da bakin wuƙa, a tura a hankali, a juya. In an gama a goga a tsohuwar fata, a gwada a gashin hannu. Yakan ce gaggawa ƙarfe take ci, ba ta ba da kaifi. Dokarsa ɗaya ce, ba a wasa wuƙar yanka dabba tana kallo. Haka malamai suka karantar, haka ya riƙe.

A shekarar wuƙar yankanmu ta zama ta kowane aiki. Da ita nake saro wa san ganyen gawo, da ita matata ke tonon saiwa. Na san ta dakushe. Kullum sai in ce gobe, don ruwan da ake ɗebowa daga nesa ba na zuba wa dutse ba ne.

Wata rana da hantsi san ya faɗi, kansa daidai dutsen, ido a buɗe. In ba a yanka shi nan take ba, zai zama mushe, ba mai cin ko tsoka. Na gwada wuƙar a hannuna, ko gashi ɗaya ba ta ɗauka ba. Na durƙusa na tofa wa dutsen yawu. Baba na zaune a inuwa da kumburarrun ƙafafu, sai ya ɗaga sandarsa.

"Ba a gabansa ba. Shekara bakwai yana mana huɗa."

Na ce Baba numfashinsa tafiya yake. Ya ce ai gidan maƙeri ba Makka ba ne.

Na ruga. Ashe maƙerin ya tafi cin kasuwa. Matarsa ta daɗe tana laluben magagarin goge ƙarfe a maƙera, na karɓa na goga wuƙar a tsaye, irin washin da Baba ya hana. Da na dawo, ƙudaje sun riga ni.

Matata ta matso ta tsaya kan gawar, ta yi mini magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, da ka karɓi mayafina ka rufe masa ido."

Mu uku muna wurin tun faɗuwarsa, wannan dabarar ba ta zo wa kowa ba sai da aka makara. Baba ya juya fuskarsa ga bango. Bai sake maganar washi ba.

Muka ja san zuwa bayan gari da igiyar turkensa. Abin da ya tafi: sa ɗaya, naman da in an shanya zai riƙe mutum tara wata guda, huɗar damina uku masu zuwa, da Baba, wanda bai ga ruwan farko ba.