Injin da Na Allah Ya Ƙi Saye

Malam Na Allah mutumin garin El Allassane Maïreyrey ne, amma a Tasawa ya ƙare rayuwarsa. Aikinsa allurar shanu. Tun yana saurayi yake bin rugage da mashaya da akwatin magani a bayan doki, har Fulani da Buzaye na ƙasar Mayahi suka san shi kamar ɗan gida. Fari na farko, na farkon shekarun saba'in, ya ci rabin dabbobin da ya sani. Na tamanin da huɗu ya zo ya share saura. A ƙarshe aikinsa ya koma bin mushe yana sa a binne, ungulu na bisa kansa, ƙudaje na bakinsa. Ya ce da matarsa Furera ko ruwa ya kai baki warin yake ji. Da aka sallame shi daga aiki bai yi baƙin ciki ba.

Abin da ransa ke so shi ne itace. Wata shekara da aka tura shi Maraɗi ya ga wani masassaƙi da ɗan inji mai juya gungume. Mutumin ya ɗora kurfi kawai, sai ɓawo ya riƙa tashi kamar tumƙar auduga, kafin ka ce me ƙafar kujera ta fito sumul. Na Allah ya tsaya kallo har motarsu ta kusa barinsa. Ba sana'a yake nema ba, fanshonsa na isarsa daidai gwargwado. So yake ya zauna a zaurensa, ya taɓa abin da ba ya ruɓewa.

Samun injin ne wuya. An rufe iyaka, balle ya ce zai aika Katsina ko Kano. Ya ga wani babba wajen masu yin ƙofofi, sai dai na kuran ne, unguwarsu kuwa ba a kai wuta ba, kuma girmansa ya fi ƙarfin zaure. Wani makanike ya nuna masa guda da tsatsa ta cinye haƙoransa, ya rantse sabo ne. Na Allah ya sa yatsa, ƙarfen ya ɓare kamar ƙanzo. Ya tofar da yawu ya yi gaba.

Sai ƙanen Furera, Alhaji Abdussalamu, ɗan kasuwa mai kamyo biyu na dakon kaya, ya ji labari.

"Yaya, mi ya kai ka yawo?" in ji shi. "Ai akwai irin shi magazata. Wasu Turawa masu koya ma samari aikin hannu sunka tashi, na kwashe kayansu. Ɗan ƙarami ne, da ƙafa ake taka shi kamar keken ɗinki."

Da hantsi suka tafi. Magazar, ɗakin ajiyar kayansa, tana bayan gari, ba taga, ƙofar ƙarfe. Abdussalamu na buɗewa wani ɗumi mai tsami ya bugi fuskar Na Allah. Ya san warin mushe iri-iri, amma wannan dabam ne. Da idonsa ya saba da duhu sai ya ga buhuna jibge har rufi, jar dawar taimako ce, ga rubutun masu bayarwa a jiki. Rufin ya yi yoyo a 'yar damina da aka yi, na ƙasa sun jiƙe sun kumbura, sun yi baƙi, wani ruwa mai yauƙi na tsatsowa daga gindinsu. Ƙwari sun rufe bango. Ya taka wani abu mai laushi, ya duba, ɓera ne ya mutu ya fashe.

Injin yana lungu, kuma ba ƙarya, kyakkyawa ne. Koren fenti, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, kurafunsa jere cikin akwati. Na Allah ya taka matakin, ƙafar ta juya lumui ba ko ƙara. Irin wanda ya daɗe yana mafarki ke nan. Amma kashin ɓera ya cika kansa, kuma ruwan dawar ya malalo har ƙarƙashinsa.

"Wagga dawa ta wa ce?" ya tambaya.

"Tau ce. Saye na yi wajen waɗanda anka ba rabo. Jira nike ta ƙara tsada."

"Alhaji, yayarku Tanna tana Hawandawaki tana jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita ta ba jikoki. Mata na tonon gidan tururuwa. Kai kana nan kana kiwon ɓeraye?"

Abdussalamu ya yi dariya, ya kaɗe wani ƙwaro daga babbar rigarsa.

"Yaya, kai dai duba injinka. Kasuwa ba ta san 'yar uwa ba. Kuma ka riƙe bakinka, ka san halin sojan ga masu mulki."

Na Allah bai kai ƙofa ba amai ya ƙwace masa. Ya durƙusa a rana yana kakari, surukinsa na tsaye yana cewa wataƙila ciwon shawara ne.

A gida ya cire takalman ya jefa bayan danga, ya yi wanka da sabulu har fatarsa ta yi zafi. Sannan ya gaya wa Furera duk abin da ya gani. Ya yi tunanin kai ƙara. A lokacin nan wanda aka kama da hatsin taimako ba ya kwana gida, wani ma ba a sake jin ɗuriyarsa sai bayan shekaru. Furera ta ce, "Malam, ciki ɗaya muka fito. Bar ni da shi." Ya bar ta, ba don ransa ya so ba.

Ta je ta yi wa ƙanen nata tatas a gaban matansa. Abin da ta samo buhu uku ne, daga na ƙasa. Ta shanya a tsakar gida tana tsincewa, tsutsa na tafiya bisa tabarma, kaji ma suka shinshina suka bari. Ɗan abin da ya tsira ta wanke ta aika wa Tanna a bayan jaki.

Washegari sai ga amalanke a ƙofar gida, injin a kai, an goge shi yana sheƙi. Mai amalanken ya ce Alhaji ya ce kyauta ne. Na Allah ya matso, ya sunkuya, ya shinshina. An shafe shi da man inji, amma tsamin na nan ƙarƙashi.

"Maida mishi," ya ce. "Ka ce na gode, zaurena ya yi ƙanƙanta."

Ya tafi wajen Sale mai gyaran keke a bakin kasuwa, ya zana masa abin da yake so a ƙasa da tsinke. Suka haɗa tsohuwar ƙafar keke, sarƙa, feda ɗaya, da katakon ƙofa. Maƙeri ya ƙera masa kurafu daga ƙarfen mota. Injin ya fito mummuna, yana girgiza yana kuka kamar guga a tsohuwar rijiya. Farkon gungumen da ya ɗaura ya kuɓuce ya fasa masa leɓe. Itace kuwa bai yi wuya ba, fari ya kashe danya da aduwa ko'ina, sai dai neman izinin masu gandun daji.

Damina ta gaba ta yi kyau, farashin gero ya faɗi. Abdussalamu ya rasa mai sayen dawarsa ko a kyauta, ya sa aka kwashe aka zuba a wani kududdufi bayan gari. Wari ya hana mutanen unguwar zama waje har aka yi girbi. Kowa ya san mai ita, ba wanda ya faɗa. Shekara na kewayowa ya sake zuwa Makka.

Na Allah ya ci gaba da gaisawa da shi a masallaci da wajen suna, amma bai sake sa hannu a kwanon gidansa ba. In an kawo tuwon salla sai ya ce a ba maƙwabta.

Ya yi shekaru yana taka injin Sale. Ya yi mazarai, muciyoyi, 'yan akussa na danya, yawancinsu da ɗan karkata gefe guda. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba, duk matar da ta shigo gaida Furera da nata take fita. Da gwiwarsa ta gaza sai ya koma taka fedar da hannu ɗaya yana riƙe kurfi da ɗayan, aikin ya ƙara muni, bai daina ba. Ya rasu da bazara, da wani guntun aduwa ɗaure a injin, rabinsa ya zama muciya. Furera ta kwance shi ta ƙarasa da wuƙa.