Ƙofar Ɗakin Baba

Ni maƙeri ne, ƙofofin ƙarfe nake yi. Wurin aikinmu yana cikin Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum, kuma a shekarun nan kafin yaƙi, in ka bi unguwar Dar Salam layi-layi da wuya ka rasa gidan da aikin hannuna yake tare wa iska. Amma ɗakin mahaifina, a cikin gidana, buhun sukari ne aka farke aka rataya a bakinsa. Abokan aiki sun yi min tsiya a kan wannan har sun gaji sun bari.

Ba ƙarfe na rasa ba, Baba ne ya ƙi. Kakana ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar aikin Hajji, ya tsaya a Jazira, kudu da Khartum, tsinkar auduga don ya haɗa guzuri, auduga ta riƙe shi har ƙasa ta rufe masa ido. A can aka haifi Baba, a sansanin ma'aikatan gona, kuma tun yana goye ake gaya masa su matafiya ne, hutawa kawai suka tsaya yi. Tsofaffinmu da yawa a haka suka tashi, shi ya sa ba sa son ginin jan bulo. Baba kuwa nasa ya fi na kowa. "Wanda ya kafa ƙofa ai ya zauna ke nan," haka yake cewa. "Ni ban zauna ba." Da ya dawo wurina Omdurman bayan rasuwar Inna, da hannunsa ya kwaɓa laka ya ɗora ɗaki a kusurwar tsakar gida, ya juya bakinsa alƙibla, wai ranar tafiya ƙafa ta fita ta miƙe kawai.

Kar a ce ba mu yi ƙoƙarin kai shi ba. Wata shekara takardu su ƙi, wata shekara hali ya ƙi, daga baya kuma ƙirjinsa ya ƙi.

To, a Omdurman alƙibla tana tsakanin gabas da arewa, kuma ta nan ɗin iskar sanyi take zuwa. Mu shita muke ce wa lokacin. Baƙo yakan yi dariya in ya ji mutumin Khartum yana kukan sanyi, don ya san mu da rana mai narka kwalta, amma ya zo ya yi alwalar asuba da ruwan randa a watan Janairu mu gani. Maza su naɗe kunne da rawani kamar masu ciwon haƙori, mata su shafe yara da man riɗi, kowa ya raɓe jikin garwashin mai shayi yana jiran zalabiya, fanken nan namu, ta fito daga mai. Ni da kaina ina son lokacin, don shi kaɗai ne ƙarfe ba ya ƙona hannu kafin ka sa masa wuta. Baba ne ba ya yi wa daɗi. Iska ta ɗage buhun nan ta shiga ta same shi a kan gadonsa na igiya, shi kuma ya yi ta tari.

A shekarar da nake magana tarin ya sauka ƙasa, har da zazzaɓi. Likita ya ce min a gabansa, da Larabci a fili yadda ba zai ce bai ji ba, in sanyi ya ci gaba da shiga ƙirjin nan ba lallai ya ga bazara ba. Na yi ƙofa, na ɗoro ta a amalanken jaki na kawo. Baba ya ja gadonsa ya gindaya a bakin ɗakin ya zauna a kai.

Na ce, "Haba Baba! Ƙofa ce fa, ba kurkuku ba. In tafiyar ta zo ai buɗewa ake yi."

Ya ce, "Kai da aka haifa jiya za ka koya min tafiya? Mai da abarka."

Raina ya ɓaci, wallahi ya ɓaci ƙwarai. Na ce ya dawo falo ya riƙa kwana, ya ce shi ba baƙo ba ne. Na mai da ƙofar, wani mai shago ya saye ta.

Abin da dai ya yarda da shi, bayan la'asar yakan shigo falon ya ɗan ji ɗumi kafin magariba, ya juya wa talabijin rabin baya. Fim a wurinsa aikin banza ne. Ina saurayi ya sha korata a kan silima, irin marar rufin nan da muke shiga da bargo a kafaɗa mu zauna a kan benci muna kallon Indiyawa suna rawa a cikin ƙanƙara, mu ma haƙoranmu suna kaɗawa, sai ka ce tare da su muke. Yanzu silimomin sun mutu, fim ya shigo gida. Ƙanwata da ke aure a unguwar Kalakla ita ce dillaliyarsa. Duk Juma'a sai ta tsallako kogi da sababbin finafinan Hausa a ɗan katin waya, ita da matata su baje, su yi ta zagin mutanen ciki kamar suna jin su.

Wata Juma'a aka sa wani, labarin ɗan kasuwa ne da rigimar 'yan'uwansa a kan kanti. Ban bi shi sosai ba, ina gyara wayar fitila. Ana cikin haka mutumin ya tashi tafiya Hajji. Aka nuna shi da jaka a filin jirgi yana ɗaga hannu, aka nuna jirgi a sama, sai ga shi a ƙofar gidansa da haƙorin Makka yana raba dabino, aka koma rigimar kanti.

Sai muka ji Baba ya ce, "Har ya dawo?"

Ashe kallo yake yi. Ƙanwata ta yi dariya ta ce, "Baba, fim ne ai."

"Na san fim ne. Bai tsaya ko'ina ba?"

Na ce masa jirgi ba ya tsayawa, ta kanmu ma yake wucewa. Ai ya sani. Baba ba baƙauye ba ne, maƙwabtanmu nawa suka je ta sama suka dawo ya je musu barka. Ya ce a mayar masa wurin ya sake gani. Ƙanwata ta mayar. Ya gyara zama ya fuskanci talabijin ɗin sosai, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya kalli jaka, jirgi, dabino.

Ya ce, "Mutanen gida ne suka yi wannan?"

Ta ce e, a can aka yi shi.

"A ce duk labarin nan babu hanya a ciki. Ba Chadi, ba Darfur, ba auduga." Ya yi tari, ya goge baki da gefen rawani. "Ashe ba su ma san muna nan ba."

Matata ta tashi wai za ta duba tukunya. Ni na so in ce ai shirme ne na yara, su me suka sani, amma na ga ba fushi yake yi ba balle in lallashe shi. Ya kalli sauran fim ɗin har ƙarshe, har ya tambayi wa ya ci kantin, sannan ya tafi alwala.

Bai sake tada zancen ba. Sanyi ya ƙaru, tari ya ƙaru, ni kuma na yi zuciya na daina maganar ƙofa. Ran nan da safe ina ɗaura takalmi zan fita aiki sai ya kira ni daga cikin ɗaki. Ya ce, "In ka dawo ka zo da abin awonka."

Na ce, "Awon me, Baba?"

Ya ce, "Kar ka mai da ni yaro."

Na yi mata aiki mai kyau, ƙarfe mai kauri, na sa katako ta ciki don kar ta ɗauki sanyi, na shafa shuɗin fenti. Bakin ɗakin a karkace yake, ginin tsoho da ido, sai da na fasa laka na cike da siminti. Yana zaune a rana yana kallona, bai ce ta yi ba, bai ce ba ta yi ba. Tarin kuwa ya lafa, wannan gaskiyar likita ce. Na ɗauka zan ji daɗi, na ci nasara a rigimar da na daɗe ina yi. Ban ji ba. Duk sanda na ji ƙarar ƙofar nan ya rufo ta, sai in tuna maganarsa, wanda ya kafa ƙofa ai ya zauna ke nan.

Bayan 'yan kwanaki ya kira matata, ina tsakar gida ina shan shayi. Ya fito da wani ƙunshi daga ƙasan akwatinsa, ya kwance. Fararen ƙyallaye ne guda biyu marasa ɗinki, sun yi rawaya a wurin ninki. Harami ne, wanda alhazai suke ɗaurawa. Ni da na girma a gabansa ban taɓa sanin yana da shi ba. Ya ce na mahaifinsa ne, a Jazira ya saya, bai ɗaura ba, shi ma bai ɗaura ba.

Ya miƙa mata ya ce, "'Yar nan, wanke min wannan ki ajiye a wurinki. Kar ki sa shi ƙasan kaya inda za a sha wahalar nema."

Ta ce, "Baba, Allah zai sa ka ɗaura shi."

Ya ce, "Za a ɗaura min dai."

Ta wanke, ta shanya a igiya. Da yake iskar shita busasshiya ce, kafin azahar sun bushe, ta ninke ta shiga da su ɗaki.