Addu'ar da Aka Share wa Inna

Littafin da na rubuta a kan mahaifiyata Inna, Allah ya jiƙanta, ni na zauna na tsefe shi da kaina. Na bi shi layi-layi da jan biro, na kori "wato" da "ka gane" da suka cika shi, na mayar da kowane waƙafi mazauninsa, har idona ya fara ruwa. Abu ɗaya na bari da gangan: duk inda na ambace ta, sai na biyo da "Allah ya jiƙanta". Don haka ma na yi littafin. Ba ni da ƙarfin haƙa mata rijiya sadaka, sai na ce duk wanda ya karanta, bakinsa zai yi mata addu'a ko bai shirya ba.

Sai ga wani abokin aikina, mai tinƙahon shi ke gyara rahotannin ofishinmu. Ya ce in kawo ya ƙara duba mini aya da waƙafi, shi zai miƙa wa masu bugawa a Ƙofar Kaura. Na ba shi, har da godiya.

Ranar da littafin ya fito, na nufi Ƙofar Guga wurin Iya, ƙanwar Inna. Ba ta karatun boko, don haka na zauna bakin tabarma ina karanta mata. Na zo inda aka fara ambaton Inna a cikin labarin, Iya ta buɗe baki za ta ce amin, ni kuwa na zarce, don babu abin da za a amsa.

Ta ce, "Kai, mi ya sa ka wuce ta hakanan, kamar wadda ta tahi kasuwa?"

Na buɗe gaba, na buɗe baya. Babu addu'ar.

Washegari a ofis, ko gaisuwa ban yi wa abokin aikin nan ba, na ajiye littafin a gabansa. Mutumin nan ko gezau. Ya ce, "Malam, ai maimaici ne. Kwamfuta na sa ta nemo su ta share gaba ɗaya. Na bar maka guda a shafin sadaukarwa. Ka ga yanzu ya yi tsabta."

Tsabta! Addu'ar uwata ce dattin. Mutumin da ya zauna zaman makokinta, ya sha kunun sadakarta. Wallahi da ba a riƙe ni ba, da na yi abin da zan ji kunya. Har yau ban huce ba, kuma ba na neman hucewa.

Sauran kwafin da ke ɗakina, ina binsu ɗaya-ɗaya da biro ina mayar da addu'ar a gefen shafi. Waɗanda aka riga aka saya kuwa suna can hannun mutane, ana wuce Inna shafi bayan shafi, ba mai cewa amin.