Shekara Bakwai Na Yi Ina Amsa Sunan Ƙanena

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi, yau kuma ga nawa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, duk da na san mutanen Kurfi da dama za su gane ni tun kafin su kai tsakiyar wasiƙar. Su gane, ba abin da ya rage da nake ɓoyewa.

Ni ɗan wani ƙauye ne a yankin Tamawa, cikin ƙaramar hukumar Kurfi. Mahaifinmu manomi ne, ya rasu ina sakandare, ya bar Inna da mu biyu a hannun wansa da muke kira Baffa: ni da ƙanena, wanda na girme shi da shekara shida. Abin da Allah ya ba ni fiye da kowa a garinmu shi ne tsawo. Ba ɗakin da nake shiga ban duƙa ba, takalmi kuwa sai dai a yanka mani na taya, domin babu daidai ƙafata a kasuwa. Karatu bai zauna mani ba kamar yadda ya zauna wa ƙanena. Da na gama sakandare da ƙyar sai na koma Dutsin-Ma, ina lodin tumatirin da manoman rani suke kawowa daga Makera.

A wurin lodin ne wani malamin motsa jiki ya gan ni. Kirista ne, ɗan Filato, ya daɗe yana koyarwa a wata makaranta a garin har Hausarsa ta koma irin tamu. Ya tsayar da babur ɗinsa yana kallon yadda nake ɗora kaya bisa babbar mota ba tare da kowa ya karɓa daga sama ba. Ya tambaye ni ko na taɓa buga ƙwallon kwando, na ce mashi ko ganinta ban taɓa yi ba. Lokacin ina da shekara goma sha tara. Washegari bayan la'asar na same shi a filin makarantarsu, siminti duk ya tsattsage, ƙarfen kwando ɗaya ya karkace. Shekara uku Malam ya yi yana koya mani. Shi ya samo mani takalmin wasa na gwanjo daga Jos, matarsa ta ɗinka mani wando, kuma in azumi ya zo sai ya mayar da atisayen bayan na sha ruwa. Daga wanda ƙwallo ke zame wa a hannu na zama wanda ba a iya jefawa yana tsaye ƙarƙashin kwando.

Ina da shekara ashirin da biyu aka ɗauke ni cikin 'yan wasan da za su wakilci jiha a wata gasa. A can wani dillalin 'yan wasa daga Legas ya ja ni gefe. Ya yaba tsawona da hannuna, sannan ya tambayi shekaruna. Da na faɗa mashi sai ya girgiza kai, ya ce ɗan ashirin da biyu da ya fara wasa jiya ba mai kallonsa, amma da a ce ni ɗan sha shida ne da ƙungiyoyin waje sun yi rububina. Sai ya tambaye ni ko ina da ƙane. Na gane inda ya dosa, ban kuma yi fushi ba, wannan ita ce gaskiya. Da na kai wa Malam maganar ya ce bai ɓata shekara uku don ya yaye maƙaryaci ba, in yi haƙuri in shiga ƙungiyoyin cikin gida da shekaruna, abin da Allah ya rubuta mani zai zo. Na ce mashi shi albashi yake ɗauka shi ya sa haƙuri ke mashi daɗin faɗi, so yake in tsufa ina lodin tumatir. Na bar shi tsaye a filin da ƙwallo a hannu.

Na je gida na buɗe akwatin ƙarfen mahaifinmu, na ɗauki takardar haihuwar ƙanena da ta gama firamarensa. Inna na ce mata hoton takardun za a ɗauka a dawo da su. Baffa kuwa na gaya mashi gaskiya, ya ce ai duk jini ɗaya ne, yaro ne, me zai yi da takarda yanzu. Shi mai takardun yana makarantar kwana a lokacin, ba wanda ya tambaye shi. Cikin 'yan watanni aka yi mani fasfo: fuskata, yatsuna, amma sunansa, ranar haihuwarsa.

Abin ya yi tafiya yadda dillalin ya faɗa. Na yi shekara biyu a wani sansanin horo a Legas cikin waɗanda shekarunsu na gaskiya ne, ina ture su kamar buhunan ƙaiƙayi, masu horarwa suna mamakin ƙarfina. Kullum da asuba sai na aske gemu kafin kowa ya tashi. An sallami da yawa daga cikinsu aka riƙe ni, ban taɓa tsayawa na yi tunanin inda suka ƙare ba. Daga nan wata ƙungiya a Arewacin Afirka ta ɗauke ni, na buga mata kakar wasa biyar. Edita, ba zan yi maka ƙarya ba, na ji daɗin rayuwar nan. Ɗakin wasa cike da mutane, ganguna na tashi, in na tare ƙwallo a sama na mako ta cikin 'yan kallo sai wuri ya ɗauki suna. Sunan ƙanena suke kira. Ranar haihuwarsa abokan wasa suke yanka mani kek, in yi murmushi a ɗauki hoto. Likitan ƙungiyar ya taɓa riƙe hoton gwiwata ya daɗe yana kallo, ya ce bai taɓa ganin gwiwar matashi ta gaji haka ba. Na ce mashi noma muke yi tun muna ƙanana.

Na gina wa Inna ɗakuna da rufin kwano, na saya wa Baffa shanun huɗa, karatun ƙanena har jami'a ni na ɗauka. Da haka nake lallashin zuciyata. Sau ɗaya ya ga bidiyon wasana a waya ya tambaye ni dalilin da ake kirana da sunansa. Na yi dariya na ce sunan wasa ne, don ina son shi na zaɓa. Ya yarda, domin bai taɓa tunanin yayansa zai cuce shi ba.

Ya gama digirinsa a fannin noma da sakamako mai kyau, har ya samu gurbin ƙaro karatu kyauta a ƙasar waje, wanda aka iyakance shekarun masu nema. Ya je yin fasfo. Jami'in ya shigar da bayanansa, sai ya juyo mashi da fuskar kwamfuta: suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, sunan uwa da uba ɗaya, gari ɗaya, amma hoton wani. Aka tambaye shi ko ya san mutumin da ke hoton. Ya ƙi cewa komai. Kwana uku suna tsare da shi a kan zargin shi ne ke neman satar sunan wani, ana yi mashi tambaya ɗaya, bai buɗe baki ya ce yayana ne ba. Sai da Baffa ya nemo manya suka tsaya mashi aka sake shi.

Lokacin hutun ƙarshen kaka ne, ina shirin sa hannu a sabuwar yarjejeniya da wata ƙungiya da ta fi tawa girma. Da labarin ya iso ni na taho gida. Bayan la'asar muka zauna a zaure, ni da Baffa da ƙanena, Inna tana tsaye daga bakin ƙofar ciki. Baffa ya riga ya yi magana da dillalin a waya, sun gama shirinsu: ƙanena ya je kotu ya yi rantsuwa ya ɗauki sunana da shekaruna, a yi musanya kowa ya huta. Na ce takardun karatunsa duk da sunansa suke, shekaruna kuma sun wuce iyakar da aka sa. Baffa ya ce to ya haƙura da tafiyar, karatun da ya yi ya isa, ba za a rushe abin da gida ke ci don mutum ɗaya ba. Ni kuma na yi shiru, kuma shirun nan yarda ce, na sani. Sai ƙanena ya ɗago kai ya dube ni. Ya rame, idonsa ya faɗa.

"Yaya, ka riƙe sunan," in ji shi. "Kai ka fi ni amfani da shi. Ni zan koma gona."

Ba gatse ya yi mani ba, da gaske yake, abin da ya fi ci mani rai ke nan. Inna, wadda ban taɓa jin ta sa baki a maganar zaure ba, ta ce wa Baffa daga inda take tsaye, "Raguna biyu aka yanka a gidan nan, Alhaji. Ni na haife su, na san ranar kowa." Baffa ya daka mata tsawa ta koma ciki. Na miƙe na ce mashi gobe zan kai kaina ga hukuma. Ya ce in na yi haka kada in sake kiran shi Baffa.

Da safe na hau mota zuwa Dutsin-Ma, gidan Malam. Shekara bakwai ban neme shi ba. Na durƙusa a tsakar gidansa, ƙato da ni, na gaya mashi komai. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya tambaya ko na karya kumallo, ya sa aka kawo mani koko da ƙosai, ya canza riga ya raka ni har ofishin da aka tsare ƙanena. Na ajiye fasfon a kan tebur na ce ni ne ɓarawon, mai sunan na gaskiya shi ne wanda kuka tsare.

Abin da ya biyo baya bai zo da sauƙi ba. An tsare ni, an kai ni kotu, an ci ni tara, an karɓe fasfon. Hukumar wasan ta dakatar da ni shekara biyu. Ƙungiyata ta kore ni ta saƙon waya, sabuwar kuwa ko amsa ba ta ƙara ba ni ba. Dillalin ya rantse bai san komai ba, daga baya ya kira ni yana zagi, wai na ɓata wa wasu hanya. A Kurfi aka sa mani suna tsohon yaro, in na wuce majalisa sai in ji ana dariya ƙasa-ƙasa. Abin da ya fi duka zafi, ƙanena bai samu tafiyar ba. Kafin a gama wanke sunansa lokacin ya wuce, aka ba wani gurbin. Gaskiyar da na faɗa ta zo a makare, kuma ba ni na biya mafi tsadar ba, shi ne.

Da wa'adin dakatarwar ya cika, kowa ya ce in haƙura, ɗan shekara talatin da ɗaya mai ciwon gwiwa ba inda za shi. Na ƙi. Na bi ƙungiyoyin cikin gida ɗaya bayan ɗaya har wata ƙarama ta ɗauke ni. Ranar wasana na farko mai sanarwa ya kira sunana na yanka a lasifika, ina zaune ban motsa ba, sai da na kusa da ni ya zungure ni ya ce kai ake kira. Kaka biyu na buga masu, muna tafiyar kwana a mota, muna kwana mutum huɗu a ɗaki, kafin gwiwar ta ce ta gaji. Ban taɓa cin kofi da su ba, amma wasannin nan su kaɗai nake iya ba da labarinsu ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Yanzu ni da Malam muke horar da matasa a Dutsin-Ma. Ƙanena ya samu fasfonsa, yana koyarwa yana kuma ƙaro karatu a nan gida. Yana gaishe ni da ladabi, ya ce ya yafe, amma wasa da dariyar da muke yi a da ba su dawo ba, ban kuma isa in tilasta su ba. Baffa har yau da ƙyar yake amsa gaisuwata, ni kuma ban fasa zuwa ba.

Masu cewa na yi wauta, da na yi shiru da yanzu ina da gidaje a Katsina, ina jin ku. Na yi nadamar ɗaukar takardun nan, zan kuma mutu da nadamar. Amma mayar da su da na yi, ko yau aka dawo da ni zauren nan haka zan sake yi, ko da duk garin zai daina gaishe ni. Ban nemi tausayin kowa ba, ban kuma yarda wanda bai taɓa mayar da abin da ya ɗauka ba ya koya mani wayo.

Har yanzu iyaye suna zuwa fili su ja ni gefe, wai in taimaka a rage wa ɗansu shekara huɗu ko biyar, ga takardar ƙanensa ko ta ɗan maƙwabci. Nakan ce masu su tafi da takardarsu, in kuma dillali ne ya turo su ya zo ya same ni da kansa. Ga duk matashin da ake lallashi da wannan hanya, ka saurare ni, ni na bi ta har ƙarshe. Za su ce maka kowa haka yake yi, ba wanda zai cutu. Ƙarya ne. Ranar da asiri ya tonu dillali zai kashe wayarsa, ƙungiya ta ɗauko wani dogon, kai da 'yan gidanku za a bari da abin. Takardar da kake shirin ɗauka tana da mai ita. Yau yaro ne ba ya cewa komai, amma zai girma, kuma wata rana zai buƙaci sunansa.