Ɗiyar Farin da Ba a Ƙirga Ba

Ana sallame sallar asuba muka bar Talata Mafara, ni da abokan aikina mata biyu da direba, akwatin sanyi na allura a kan cinyata. Tallafi aka samo don a yi wa 'yan mata masu shekara tara zuwa sha huɗu rigakafin ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, kyauta, musamman waɗanda iyayensu ba su da inshorar lafiya. To a ƙauyukanmu wa ke da wata inshora?

Hanyar Bakura ta yi min daɗi, fadamu kore shar, ga shinkafa ga albasa. Muka karya da hoce da shayi, direba na ta mitar tsadar mai kamar mu muka ƙara kuɗin. A wata Islamiyya malamin ya tsare mu da tambaya, ko allurar na hana haihuwa. Da ya gamsu, ɗiyarsa ya fara turowa, sauran suka biyo.

Washegari muka nufi Maradun. Wannan hanya ba a hira a kanta saboda 'yan bindiga, kowa addu'a yake a ransa. Direba ya ce ko mun gama ko ba mu gama ba, kafin la'asar zai juya, kuma ba mu san ranar da za a sake turo mu ba.

A wani ƙauye gaba da garin muka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan mai unguwa. Wata mata ta kawo yara biyu, na yi musu. Na ce, "Su ke nan gare ki?" Ta ce, "Su ke nan." Amma ba ta tafi ba. Ta koma gindin darbejiya ta tsaya har muka fara naɗe kaya. Sai da na ɗauki akwati ta matso, murya ƙasa ƙasa.

"Malama, akwai wata yarinya can gidan tsohuwa, bayan rijiya. Ita ba a yi mata ba."

Ɗaya daga abokan aikina ta ce, "Ɗiyar wa? Mi sunanta?"

Matar ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Direba ya danna hon.

Wallahi nan take na gane. Ɗiyarta ce ta fari, kunya ta hana ta ƙirga ta, balle ta faɗi sunanta a bainar jama'a. Ni ma ɗiyar fari ce, a hannun kaka na tashi. Innata har ta rasu "ke" take ce min, kuma wannan sankarar ce ta ɗauke ta, bayan ta daɗe tana ɓoye zubar jini.

Na ce da direba ya yi haƙuri, na bi matar. Muka tarar da yarinyar tana daka. Kakarta ta ce, "Soka mata da kyau, ja'irar ba ta jin magana!" Uwar kuwa a bakin ƙofa ta tsaya, ta ba mu baya, wai ba ruwanta. Amma da allura ta shiga, na ga kafaɗar uwar ta zabura.

Mun iso Mafara lafiya kafin magariba, alhamdu lillahi. Abin da na koya shi ne tambayarmu ce ba ta isa ba. Yanzu duk uwar da ta ce min su ke nan, sai na ƙara da, "Har da ta hannun kaka?"

Na daɗe ina jin ciwon cewa Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ranar na san da ita ce, ita ma da ta tsaya gindin darbejiyar nan har sai an yi min.