Hoton da ya rufe tagar Kaka

Shekaru biyu baya, da hoto ɗaya tak na kayar da babana a gaban hukuma. Ni ba lauya ba ne, tsani kawai na hau.

Baba ya nemi izinin gina ƙaramin ɗaki a bayan gidanmu a Vénissieux, wata unguwa a gefen birnin Lyon, don kakata da ta baro Maraɗi ta dawo wurinmu. Ofishin magajin gari ya yarda, amma da sharaɗi: tagar da ke fuskantar maƙwabcinmu a sa mata gilashi mai duhu, kuma kada ta buɗu. Kaka ta ce ita ba a taɓa ajiye ta cikin akwati ba.

Sai Baba ya rubuta takarda yana roƙon a janye sharaɗin, tunda katanga ta tare komai. Ya ce mini, "Tsaya daidai inda tagar za ta zauna, ka ɗauki hoto su gani da idonsu."

Na tsaya, na ɗauka. Katanga ce zalla, mummuna, ko tsuntsu bai wuce ba. Ni kuwa a lokacin gani nake duk Lyon babu mai ɗaukar hoto kamata. Na jawo tsani na hau har ƙarshe. Hoto ya fito tsaf: lambun maƙwabci, shanyarsu, da tsohon maƙwabcin da kansa cikin gajeren wando yana ba tumatir ruwa. Na buga wannan hoton, na haɗa da takardar Baba, na liƙe ambulan, na kai gidan waya ina taƙama. Baba bai duba ba, don ya yarda da ni.

Da amsa ta zo, ni aka ba in fassara wa Kaka. Na kai wurin da suka ce hoton da muka aiko ya nuna ana hango gidan maƙwabci sarai, sai na daina karantawa.

"Ci gaba," in ji Baba.

"Baba, na ɗan hau tsani ne."

Bai yi faɗa ba. Naɗe takardar ya yi ya sa a aljihu, kuma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Kaka ta dube ni ta ce, "Maigidana, ashe kai ne ba ka so in sha iska? To, kai za ka riƙa yi mini fifita."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Har yau in na bi ta bayan gida, sunkuyar da kai nake.

An gina ɗakin, tagar ba ta buɗuwa. Kaka a bakin ƙofa take zama, kuma ni ke fito mata da kujera.